Matsayin Masanin Gyaran Magana a Makarantun Karkara: Misali daga Azare da Ƙasar Katagum

1.0 Gabatarwa

Duk wata manhajar koyar da Hausa a firamare an gina ta ne a kan ginshiƙai huɗu, wato sauraro da magana da karatu da rubutu. Biyun farko su ne tushe, domin yaro yakan zo da su daga gida, malami kuwa ya ɗora sauran biyun a kansu. Saboda haka masu tsara manhaja sukan ɗauka cewa duk yaron da ya shiga aji ɗaya yana ji sosai, yana kuma iya faɗin abin da ke ransa. Amma duk malamin da ya daɗe a aji ya san ba haka abin yake ba. Akwai mai i'ina, akwai mai tsamin baki, akwai wanda maganarsa ke fita ta hanci, akwai kuma wanda ake kira sau uku kafin ya waiwayo. Irin waɗannan yara su ne sukan koma ƙuryar aji su yi shiru, a yi musu tambarin daƙiƙanci, daga nan su daina zuwa makaranta ba tare da an san dalili ba.

A wannan muƙala za mu yi bayanin wani ma'aikaci da aikinsa ya shafi waɗannan yara kai-tsaye, wato masanin gyaran magana da harshe. Za mu dubi aikin nasa ta fuskar makarantun karkara na Azare da ƙasar Katagum a Jihar Bauci, sannan mu nuna abin da hakan ke nufi ga manhajar Hausa da horar da malamai.

2.0 Wane ne Masanin Gyaran Magana?

Masanin gyaran magana da harshe ƙwararre ne da aka horar domin ya gano matsalolin furuci da na harshe da na murya, ya auna zurfinsu, sannan ya shirya darussan gyara su. Iliminsa ya haɗa fannoni uku: kimiyyar harshe, musamman ilimin furuci da tsarin sauti, sanin halittar gaɓoɓin magana da na ji, da kuma sanin yadda yaro yake girma yana koyon harshe. Aikinsa ya bambanta da na likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ke ba da magani ko ya yi tiyata. Ya kuma bambanta da na masanin ji, wanda ke auna ƙarfin jin mutum da na'ura, ya zaɓa masa na'urar ƙara ji. Sai dai su ukun sukan yi aiki tare, domin sau da yawa matsalar baki daga kunne take farawa.

A Nijeriya, wannan sana'a tana ƙarƙashin hukumar rajistar masu aikin farfaɗo da lafiyar jiki, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 38 ta 1988. Jami'ar Ibadan da Jami'ar Jos suna cikin wuraren da suka daɗe suna koyar da wannan fanni a sassansu na ilimi na musamman, haka ma Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977. Duk da haka masu wannan sana'a ƙalilan ne, kuma mafi yawansu suna manyan asibitoci ne da makarantu masu zaman kansu na birane.

3.0 Yanayin Yankin da Muke Magana a Kai

Garin Katagum, wanda a yau shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zaki, a nan ne Malam Zaki ya kafa cibiyar masarauta a farkon ƙarni na 19. A 1916 aka mayar da fadar zuwa Azare, wadda ta bunƙasa ta zama babban birnin arewacin jihar. Ƙananan hukumomi bakwai ne suke kallon Azare a matsayin cibiyar ilimi da lafiya da kasuwanci: Katagum da Zaki da Gamawa da Itas/Gaɗau da Shira da Giyaɗe da Jama'are. A Azare akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, da babban asibitin tarayya, da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021. A Gaɗau kuma akwai jami'ar jiha, wadda a yanzu take ɗauke da sunan Sa'adu Zungur.

Abubuwa biyu ne suka fi muhimmanci ga batunmu. Na farko shi ne nisa. Mafi yawan makarantun firamare na yankin suna ƙauyuka ne da ruggage, wasu a fadamun kogin Jama'are, inda hanya kan yanke idan damina ta yi nisa. Uban da ke noma a bayan Sakwa ko Udubo ba zai bar gonarsa ya riƙa kai yaro Azare duk mako domin darasin furuci na rabin awa ba. Na biyu shi ne yawan harsuna. Hausa ce harshen kasuwa da na makaranta, kuma ƙasar Guddiri tana da nata karin harshen, wato Guddiranci. Amma yara da yawa da Fulatanci suke tashi, wasu da Barbarci, wasu kuma da Karekare. Waɗannan abubuwa biyu su ne suke tsara yadda aikin gyaran magana zai kasance a yankin.

4.0 Ire-iren Matsalolin da Malami Zai Tarar

4.1 Tsamin baki. Wannan ita ce matsalar furta wasu sautuka. Kowane yaro yakan bi ta matakin gwaranci, inda zai ce "luwa" ko "yuwa" a maimakon "ruwa", ko "tai" a maimakon "kai". Wannan ba ciwo ba ne. Abin lura shi ne idan yaro ya kai shekara 4 ko 5 amma baƙo ba ya fahimtar maganarsa, ko kuma ya shiga firamare yana musanya sautuka masu yawa.

4.2 I'ina. Takan fara bayyana ne tsakanin shekara 2 zuwa 5. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna kimanin kashi 5 cikin 100 na yara sukan yi ta na wani lokaci, mafi yawansu su bar ta, ta zauna wa kimanin kashi 1 cikin 100 har girma. Ta fi yawa ga maza, kuma takan bi jini. Tsoro ba shi ne asalinta ba, amma tsoro da tsokana suna ƙara mata ƙarfi.

4.3 Jinkiri ko raunin harshe. Wannan ita ce matsalar da ta fi ɓuya, domin furucin yaron yana iya zama garau. Abin da ke ba shi wuya shi ne tara kalmomi, da harhaɗa jimla, da fahimtar umarni mai gaɓa biyu ko uku. A bisa al'ada yaro yakan furta kalmarsa ta farko wajen shekara 1, ya haɗa kalma biyu wajen shekara 2. Nazarce-nazarcen da aka yi a Amurka a 1997 da Ingila a 2016 sun sami kimanin kashi 7 cikin 100 na yara masu shiga makaranta da wannan rauni. Idan muka auna ajin yara 60 da wannan ƙiyasi, muna maganar yara huɗu ke nan a aji guda.

4.4 Raunin ji. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 a kan ji ya ƙiyasta cewa yara miliyan 34 ne a duniya suke da raunin ji mai buƙatar kulawa, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 na raunin jin yara ana iya kare shi. Cututtukan da ke jawo shi sanannu ne a ƙasar Hausa: ƙyanda da hangum da sanƙarau, da ciwon kunne mai zubar da ruwa. Arewacin Nijeriya yana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa, kamar yadda aka gani a babbar annobar 1996, kuma kurumta tana cikin abubuwan da yake bari ga waɗanda suka rayu. Kurma na sosai ana gane shi da wuri. Wanda ake sakewa da shi shi ne mai ji kaɗan-kaɗan, wanda ake ɗauka taurin kai ne da shi.

4.5 Matsalar halitta da ta murya. Tsagewar leɓe ko ta ganɗa takan sa iska ta tsere ta hanci, sautuka irin su /b/ da /t/ da /k/ su rasa ƙarfi. Haka ma ciwon noma, mai cin naman fuska, wanda aka buɗe masa asibitin yara na musamman a Sakkwato a 1999. Tiyata takan rufe tsagar, amma ba ta koya wa yaro furuci. Wannan sai an bi shi da darasi.

A nan ya kamata mu taɓo al'adar cire beli da yankan linzamin harshe, waɗanda wasu iyaye kan nema wurin wanzami idan yaro ya yi jinkirin magana. Beli ba ya hana magana, kuma linzami ba ya jawo i'ina ko jinkirin harshe. Inda linzami ya ɗaure harshe ƙwarai, asibiti ne wurin duba shi, saboda haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

5.0 Bambancin Harshe Daban, Naƙasa Daban

Wannan shi ne wurin da masanin Hausa da masanin gyaran magana suke matuƙar buƙatar juna. Yawancin ma'aunan gwajin furuci da ake amfani da su an shirya su ne domin yaran da Ingilishi ne harshensu na farko. Idan aka gwada ɗan Bahaushe da su, za a kama shi da laifin da bai yi ba, a kuma tsallake abin da ya kamata a duba. Hausa ba ta bambanta /p/ da /f/ ba, ba ta kuma jera baƙaƙe biyu a farkon gaɓa, domin gaɓarta iri uku ce: baƙi da wasali, ko baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Yaron da ya ce "sukul" ko "buredi" dokar harshensa yake bi.

A ɗaya ɓangaren, Hausa tana da abubuwan da suke sauya ma'ana waɗanda ma'aunin Ingilishi bai san da su ba. Akwai sautuka masu ƙugiya da 'yan'uwansu, kamar a "kafa" da "ƙafa", da "daidai" da "ɗaiɗai", da "bata" da "ɓata", da "sara" da "tsara". Akwai ra iri biyu, kamar a "bara" na yaron gida da "bara" na roƙo. Akwai tsawon wasali, wanda ya raba "gari" na mazauni da "gari" na tuwo. Akwai kuma karin sauti, wanda ya raba "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, da "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta nuna tsawon wasali da karin sauti, don haka gwajin da ya tsaya ga takarda ba zai kama su ba. Sai an saurara.

Sannan ga batun yara masu harshe biyu. Fulatanci yana da /ɓ/ da /ɗ/ da /'y/, amma ba shi da /ƙ/ da /ts/ da /z/, kuma ba ya amfani da karin sauti wajen bambanta kalmomi. Ɗan Fulanin da ya ce "jauna" a maimakon "zauna" ba tsamin baki gare shi ba. Tasirin harshen gida ne. Barbarci kuwa yana da karin sauti amma ba shi da /ɓ/ da /ɗ/ da /ƙ/. Haka nan wanda ya tashi da karin harshen da ba ya rarrabe jinsin namiji da na tamata, kamar Bausanci, idan ya ce "rigan Audu" ba raunin nahawu ne da shi ba. Ƙa'idar da masana suka tsaya a kanta ita ce: naƙasar harshe takan bayyana a duk harsunan da yaro yake ji. Idan Fulatancinsa lafiya lau yake a ruga, Hausar ce kawai take ba shi wuya, to koyarwa yake buƙata. Tashi da harshe biyu ba ya jawo naƙasa, kuma bai dace a ce wa iyaye su daina yi wa ɗansu harshensu ba.

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko na muhalli a azuzuwan farko na firamare. A 2022 aka amince da faɗaɗa wannan zuwa aji shida, sai kuma a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar komawa ga Ingilishi. Ko da wane harshe ake koyarwa, hujjar da muka kawo tana nan: ba a auna maganar yaro sai da harshen da ya tashi da shi.

6.0 Ayyukansa a Makarantar Karkara

Tunda ba zai yiwu a ajiye masani a kowace makaranta ba, tsarin da ya dace da yanki irin wannan shi ne na ƙwararre mai zagayawa, wanda mazauninsa yake Azare, yana bin makarantu rukuni-rukuni tare da jami'an hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi. Ayyukansa za su kasu kamar haka:

(a) Tantancewa. A zangon farko na aji ɗaya, malamin aji zai cike gajeren jadawalin lura: shin yaro yana amsa kira daga bayansa, ana fahimtar maganarsa, yana bin umarni, kunnensa yana zubar da ruwa? Masanin zai duba waɗanda aka ware kawai, ya tattauna da iyaye a kan tarihin haihuwa da rashin lafiya.

(b) Turawa asibiti. Mai ciwon kunne ko tsagewar ganɗa za a tura shi asibitin Azare, in abin ya wuce nan a kai shi inda ya dace, kamar Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999. Aikin masanin ne ya bi sawu ya tabbatar an je.

(c) Darasin gyara. Misali, ga yaron da ke cewa "tai" a maimakon "kai", za a fara da koya masa jin bambancin, ta hanyar nuna hotunan kalmomi masu kama da juna. Sannan a nuna masa a madubi cewa /t/ da tsinin harshe ake yin sa a hanƙa, /k/ kuwa da bayan harshe a hanɗa. Daga sauti a wuce gaɓa, daga gaɓa a wuce kalma, har a kai ga hira. Minti goma a kullum a hannun malami ko uwa ya fi awa guda sau ɗaya a wata.

(d) Horar da malamai. Wannan shi ne aikin da ya fi daɗewa yana amfani. Malami zai koyi zaunar da mai raunin ji a gaba, ya fuskance shi idan yana magana, ya daina bayani yana kallon allo. Zai koyi bai wa mai i'ina lokaci, kada ya ƙarasa masa kalma, kada ya ce masa ya yi sauri ko ya sake, kuma ya hana 'yan aji kwaikwayonsa. Karatu tare da murya ɗaya yakan sauƙaƙa wa mai i'ina ƙwarai, don haka ya fi a tsayar da shi shi kaɗai a gaban aji.

(e) Wayar da kan jama'a. Hakimai da dagatai da limamai da kwamitocin kula da makarantu su ne ƙofar shiga gidaje. Malaman allo da na Islamiyya abokan aiki ne na musamman, domin koyar da tajwidi ya sa sun san mafitar haruffa, kuma sau da yawa su ne suke fara jin yaro yana karatu da ƙarfi. Ambaton addu'ar da Annabi Musa (AS) ya yi game da harshensa, a Suratu Ɗaha, yakan taimaka wajen nuna wa iyaye cewa nauyin baki ba abin kunya ba ne.

7.0 Abin da Ya Rataya a Wuyan Masu Tsara Manhaja

Haƙƙin waɗannan yara ba sabon zance ba ne. Sanarwar Salamanka ta 1994 ta nemi a koyar da yara masu buƙata ta musamman tare da 'yan'uwansu. Shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da dokarsa ta 2004, sun wajabta ilimi ga kowane yaro. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ƙarfafa wannan. Abin da ya rage shi ne kayan aiki. Saboda haka muna ba da waɗannan shawarwari:

Na farko, a shirya ma'aunin furuci na Hausa mai hotuna, wanda zai ƙunshi kowane baƙi a farkon kalma da tsakiyarta, tare da tsawon wasali da karin sauti. A zaɓi kalmomin da ɗan ƙauye ya sani, irin su akuya da tulu da ƙwarya da tsintsiya, a kuma nuna inda karin harshe ya yarda da furuci fiye da ɗaya. Sassan Hausa na Kwalejin Aminu Saleh da jami'ar Gaɗau suna da malamai da ɗaliban da za su iya tattara maganar yara ta Guddiranci domin wannan aiki.

Na biyu, a ƙara wa darasin sauraro da magana lokaci a aji 1 zuwa 3. Tatsuniya da kacici-kacici da wasannin dandali da karya-harshe kayan aiki ne da ba sa buƙatar kuɗi, kuma a cikinsu ne malami zai gane wanda ba ya ji da wanda ba ya fahimta. Sai dai a kiyaye mayar da karya-harshe abin yi wa mai i'ina dariya.

Na uku, a haɗa darasin tsarin sautin Hausa da ake yi wa ɗaliban N.C.E. da darasin ilimi na musamman. Ɗalibin da ya haddace baleɓe da bahanƙe da baganɗe da bahanɗe domin jarrabawa, ya kamata ya san cewa da wannan ilimin ne zai gyara bakin yaro.

Na huɗu, a daidaita kalmomin fannin cikin Hausa, a fitar da ɗan littafin jagora ga malamai da iyaye, cikin boko da ajami, a kuma fassara shi zuwa Fulatanci domin makarantun 'ya'yan makiyaya.

Na biyar, a sassauta hanyar auna fahimta. Yaron da ya san amsa amma bakinsa ya ƙi, a ba shi damar nunawa ko rubutawa.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa masanin gyaran magana a karkara ba zai yi aiki irin na ɗan'uwansa na birni ba, wanda ke zaune a ofis ana kawo masa yara. Na karkara mai zagayawa ne, kuma rabin aikinsa koyar da malamai da iyaye ne. Mun kuma ga cewa ba zai iya raba naƙasa da bambancin harshe ba sai da taimakon masana Hausa da na sauran harsunan yankin. Azare tana da kwalejin horar da malamai da asibiti da jami'ar kimiyyar lafiya a gari guda, don haka wuri ne da ya dace a fara gwada wannan tsari, a ƙananan makarantu 'yan kaɗan, kafin a faɗaɗa shi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka gano matsalarsa a aji ɗaya yana da damar ya cim ma tsaransa a karatu. Wanda aka bari har aji shida, da wuya a same shi a makarantar ma.